Sunan Ambokile a Ƙofar Mota

Sana'ata rubutu a jikin mota. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar manyan motoci ta Mbalizi ya san rumfar nan mai ƙofa kala-kala, don a jikinta nake goge burushi. Doka ta ce duk motar da ke dakon kaya sai an rubuta sunan mai ita da garinsu a ƙofar direba, ni kuwa a cikin wannan dokar nake cin abinci. Na rubuta sunayen kamfanonin da ban taɓa ganin masu su ba, na goge na waɗanda suka karye, na ɗora na waɗanda suka saye. Ba na tambayar kowa komai. Amma ranar da Ambokile Mwakatobe ya kawo tasa motar bakin rumfata, sai da na ajiye burushi na fito na zagaya ta.

Ambokile mijin yayata ne, Allah ya jiƙanta, saboda haka shemeji nake ce masa, shi ma da haka yake kirana, kuma babu mai raga wa wani a tsakaninmu. Tun ina ɗan makaranta yake jan tirelolin mutane daga Dar es Salaam zuwa Zambiya da Kwango. Ya yi ta haye iyakar Tunduma har ma'aikatan wurin suka tsufa aka kawo wasu, amma ko sau ɗaya bai taɓa hayewa da sunansa a ƙofa ba. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. So yake ya riƙe sitiyarin motar da take tasa, da sunansa a jiki, ya ratsa ƙofar Tunduma ya faɗa Nakonde ta ɓangaren Zambiya. Bayan wannan, in ji shi, ko a ranar ya mutu bai yi asara ba.

Motar tsohuwa ce, kanta shuɗi, bodinta fari, ta sha wuya a hannun mutane kafin ta zo nasa.

Na ce, "Shemeji, a wane juji ka tono wannan?"

Ya ce, "A jujin da aka tsinto ka. Ɗauko fenti, shemeji, ka bar surutu."

"Za ta kai Tunduma kuwa?"

"Za ta je Lubumbashi ta dawo kana nan kana wanke burushi."

Na ja layi da alli na fara fitar da baƙaƙe daidai tsawon yatsa, yadda ake yi wa kowa. Ya ja da baya ya karkata kai ya ce in ƙara musu girma. Na goge na ƙara. Ya sake cewa in ƙara. Haka muka yi ta yi har kowane harafi ya kai tafin hannu, sunan ya cika ƙofa yana neman hawa kan mariƙi. Na ɗauka fankama ce irin ta wanda ya daɗe yana jiran abu, na faɗa masa haka, ya yi dariya. Da na gama sai ya matso ya sa yatsa yana bin baƙaƙen, fenti bai ko bushe ba, ya ɓata min harafi guda. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, shi kuwa ko a jikinsa, sai shinshina yatsan yake yi.

To, mallakar mota daban, samun izinin hayewa da ita daban. Sai an juya katin rajista ya koma sunanka. Sai an duba lafiyar motar an ba ka shaida. Ga inshora ta gida, ga katin nan mai ruwan ɗorawa wanda shi ne inshorar da maƙwabta ke karɓa, ga lasisin dakon kaya, sannan a ƙarshe izinin tsallake iyaka. Kowace takarda da ofishinta, kowacce da tsawon ranta, kuma ba a ba ka ta gaba sai ta baya na raye. Kamfani mai motoci da yawa yana da ma'aikacin da ba shi da aiki sai wannan. Mai mota ɗaya kuwa shi ne direba, shi ne ɗan aike, shi ne mai bin layi. Kafin Ambokile ya samo lasisin dako, shaidar lafiyar mota ta mutu. Ya sabunta ta, inshora ta mutu. Abin ya zama kamar mai tara 'yan tsaki a kwando, yana kama wannan wancan na fita. Ni da nake kallo kawai raina yana ɓaci, shi kuwa sai ya ɗauki jakarsa ta roba ya sake hawa motar haya zuwa cikin garin Mbeya.

Akwai hanya mai sauƙi, kowa a tashar ya san ta, aron suna muke ce mata. Ka shiga ƙarƙashin wani babban kamfani, a goge sunanka a rubuta nasu, ka haye da izininsu, su yanki rabonsu. Rabin ƙofofin da nake yi wa fenti na masu aron suna ne. Wani dillali mai suna Kibona, mai yawan turare, ya same mu a shagon shayin Mama Lusajo ya kawo maganar, yana kiran Ambokile Mzee, wato dattijo.

"Mzee, me ya yi zafi? Motar taka ce, kowa ya sani. Fenti ne kawai. Jibi war haka kana Nakonde kana cin nshima, tuwon masararsu."

Ambokile ya tsoma maandazi, wato fanke, a shayi ya ce, "Ɗana, kana da mata?"

"Ina da ita, Mzee."

"To ka je da ita biki a ce matar maƙwabcinka ce, ai taka ce, kowa ya sani."

Mama Lusajo ta yi dariya har sai da ta ajiye buta. Kibona bai sake tayar da maganar ba, ni kuma na rasa aikin gogewa da sake rubutawa, abin da na tuna wa shemeji har ya gaji da ji.

Damina ta zo ta wuce ana wannan. Da farko yakan ɗauki ɗan dako a cikin gida, dankali daga Uyole ko buhunan masara daga Mlowo, da rana tsaka, a hankali. Daga baya ya rage, sannan ya daina, ya ce yana adana taya ne saboda babbar tafiya. Motar ta zauna a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan rumfata, furanni masu ruwan shuɗi suna zubo mata a kai, kaji suna kwana a inuwarta.

A lokacin ne ya fara ɗaukata tafiya. Da la'asar, idan aiki ya yi sauƙi, sai ya ƙwanƙwasa min rumfa ya ce in zo mu je Kwango. Mu hau, shi a sitiyari, ni a gefe, ba a ko tayar da inji. A irin wannan lokacin gajimare yakan gangaro daga kan dutse ya kwanta a kan Mbalizi, gilashin gaba ya yi fari fat, hayaniyar tasha ta koma kamar daga wani gari take zuwa. Sai ya ɗora hannu a kan giya ya fara.

"Mun bar Songwe. Ka ji ƙaurin siminti? Rufe taga. Yanzu hawa za mu yi, sai a lallaɓa ta. Ga Vwawa, ga matan nan masu ayaba, kada ka saya, ta gaba ta fi zaƙi."

Muryarsa takan yi ƙasa, ta yi laushi, ba irin wadda yake zagina da ita ba. Mu wuce Tunduma babu layi, ma'aikaci ya karanta ƙofa ya sara masa. Mu shiga dajin bayan Isoka inda hanya ke miƙewa har ka manta kana da ƙafa, itatuwa sun yi jajayen sabbin ganye, masu gawayi sun jera buhuna a bakin titi babu kowa a kusa da su. Ya nuna min inda wata mata ke sayar da zuma a kwalaben giya, da gadar da ya taɓa ganin giwa ta tsaya a kai ta ƙi matsawa, da wani kwari bayan Mpika inda ya ce idan ka kashe inji da sassafe za ka ji ƙararrawar coci alhali babu coci a wurin. Ni ban taɓa wuce Nakonde ba, amma na san ƙamshin ruwan sama a Serenje. Sau da yawa barci kan ɗauke ni a wajen Kapiri, in farka in tarar mun kusa Ndola, yana ta magana shi kaɗai, idonsa a kan farin gilashi, yana ɗan juya sitiyari. Ba na jin kunyar faɗa, waɗannan tafiye-tafiyen sun fi min duk wata tafiyar da na yi da kuɗin mota daɗi.

Ana cikin sanyin tsakiyar shekara sai abin mamaki ya faru, takardun duka suka rayu a lokaci guda. Ya shigo shagon Mama Lusajo ya baje su a kan tebur kamar mai tallar atamfa. Har kaya ya samu, shinkafar Kyela za a kai Ndola. Aka yi ta yi masa barka, wani ya saya masa shayi, ni ma na ce motar ba ta kai munin da nake faɗa ba.

'Yarsa Tumpale ce ta ɓata zaman. Ita ce babbar 'yar yayata, mace mai 'ya'ya biyu, tana jan doguwar bas tsakanin Mbeya da Sumbawanga, kuma bakinta irin na gidanmu ne. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Shikamoo, Baba," gaisuwar da ake yi wa manya ke nan, ya amsa mata da marahaba, ta zauna tana duba takardun ɗaya bayan ɗaya.

"Na mota sun cika. Ina naka?"

"Nawa me?"

"Lasisinka na tuƙi, Baba."

Ya laluba aljihu ya miƙa mata yana murmushi. Ta juya katin ta dube shi, ta dube ni. Lasisin ya mutu tun kafin damina. Mutumin da ya bi kowace takardar ƙarfe har ya san ranar haihuwarta, ya manta da guda ɗayar da ta shafi jikinsa.

Babu wanda hankalinsa ya tashi, don sabunta lasisi ba wani abu ba ne. Abu ɗaya ne a ciki, mai jan babbar mota sai ya kawo shaidar gwajin ido, wannan kuwa tashar Mbalizi ta daɗe da yi masa magani. A bangon bayan shagon Mama Lusajo akwai allon gwajin ido, irin na asibitin da direbobi ke zuwa sak, babban harafi a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Tun kafin in zo tashar yake nan, ni dai nakan sabunta masa fenti idan ya koɗe, kuma aikina ya fi na asibitin kyau. Duk tsohon direban da gwajinsa ya matso sai ya ɗauki kofin shayinsa ya zaga baya ya yi hadda. Za ka ga mutum da furfura da jikoki yana rera baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya, 'yan uwansa suna gyara masa. A wurinsu wannan ba maguɗi ba ne. Cewa suke hanya ba da ƙananan baƙaƙe aka rubuta ta ba, kuma wanda ya san kowane rami daga nan zuwa Kasumbalesa, bakin iyakar Kwango, ba yaron likita ne zai hana shi tuƙi ba.

Ambokile ya haddace allon daga sama zuwa ƙasa, ya haddace shi daga ƙasa zuwa sama, har da ido ɗaya a rufe don kwaikwayon yadda za a yi. Ni na raka shi asibitin. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci.

Da muka shiga ɗakin na ga babu allo. Wani gilashi ne mai haske a bango, likitar kuma, wata yarinya mai sanyin murya, tana riƙe da ɗan abin latsawa, duk latsawa baƙaƙen su sauya. Na buɗe baki zan yi magana, ta nuna min benci a bakin ƙofa. Ta zaunar da shi, ta rufe masa ido ɗaya, ta ce ya karanta abin da ya gani.

Ya gyara zama ya fara. Ya kawo babban harafin sama na bangon Mama Lusajo, ya kawo biyun da ke ƙasansa, ya gangaro layi bayan layi da murya mai ƙarfi, har yana ɗan tsayawa a na ƙarshe kamar mai ƙoƙarin gani, yadda aka koya masa. A jikin gilashin kuwa harafi ɗaya ne tak, ƙato, ya kai girman faranti, kuma ba ya cikin waɗanda ya ambata. Likitar ba ta katse shi ba, ta bar shi ya kai ƙarshe. Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon fentin da ke ƙarƙashin farcena.

Ta matso ta haska masa fitila a ido, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Babu, tun yaushe kake ganin hayaƙi?" Babu shi ne yadda ake kiran tsoho a girmama shi kamar kakan mutum, kuma ban taɓa jin an kira shemeji da shi ba sai ranar.

Ya gyara wuyan kwat ɗinsa. Likitar ta ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce ta gaji, za a ba shi magani don a riƙe abin da ya rage. Game da tuƙi kuwa ta girgiza kai kawai.

A tasha aka yi ta kawo shawara. Wani ya ce akwai asibitin da har yanzu tsohon allo suke amfani da shi, wani ya ce ya san wanda zai fitar da shaidar ba sai an je ba. Tumpale ta ji labari ta sauko daga bas ko gida ba ta je ba, ta tarar da su a shagon shayi.

"Duk wanda ya samo wa babana wannan takardar, ya tanadi abin da zai faɗa wa uwar yaron da za a take. Ni kullum ina kan hanyar nan, da mutane cike a bayana. So kuke in haɗu da shi a kwana?"

Ta miƙa hannu ta ce, "Baba, makulli." Ya daɗe yana kallon wajen da muryarta take, sannan ya ciro ya ba ta.

Washegari da la'asar ban ji an ƙwanƙwasa rumfa ba, sai na je da kaina. Yana zaune a sitiyari, ƙofa a buɗe. Rana ce tarwai, sama wankakke, ana hango kan dutse har da itatuwan da ke bisansa. Na hau na zauna. Can ya ce, "Yau ma gajimaren ya sauko ko?"

Na ce, "Babu gajimare yau, shemeji."

Ya gyaɗa kai. "Na daɗe ina zargin haka. Na ce wannan wane irin gajimare ne da ba ya tashi, har cikin ɗaki yake bina." Ya shafa sitiyari. "Ka san abin dariya? Hanyar tana nan a cikin kaina, tsaf, ko ɗigo bai goge ba. Ita nake gani. Ku ne kuka dushe."

Ranar ba mu je ko'ina ba.

Takardu ba sa jiran mai baƙin ciki. Izinin hayewa yana da wa'adi, shaidar lafiyar mota ta fara tsufa, mai shinkafa yana ta aike. Idan aka bari ɗaya ta mutu sai a koma farko, kuma kowa ya san ba zai iya sake wannan zagayen ba. Tumpale ta ɗauki hutu a wurin aikinta ta ce ita za ta ja, Baba ya zauna a gefe a matsayin mai mota. Na zaci zai yi gardama. Ya ce kawai, "To, na zama irin mutanen da na yi rayuwata ina zagi, masu mota da ba sa tuƙi." Ni ma na rufe rumfa na bi su, na ce zan raka su iyaka in dawo a motar haya.

Mun tashi da safe. Tumpale ta iya tuƙi, ba don 'yar yayata ba ce. Uban yana tsakiya, hannuwansa a kan gwiwa, kuma duk inda ya kamata a sauya giya sai in ga yatsunsa sun motsa kafin nata. A Songwe ya ce a rufe taga. A Vwawa ya ce kada a sayi ayaba.

Layin Tunduma ya faro tun daga Mpemba. Motoci sun jeru har inda ido ya ƙare, zafi yana tashi daga kwalta yana sa su rawa kamar a cikin ruwa. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tireloli, wasu na dafa tuwon ugali a kan risho, wasu sun shanya wanki a jikin madubi. Lokaci ba ya tafiya a wurin. A matsa tsawon mota ɗaya, a kashe inji, a yi gyangyaɗi, mai gasasshiyar masara ta wuce, ta dawo, ka rasa ko ita ce ta ɗazu ko ta jiya. Tumpale ta yi ta kai da kawo da jakar roba daga wannan taga zuwa waccan, aka hau sikeli aka sauka, aka buga hatimi. Babu takardar da aka mayar mata.

Da aka kusa zuwa kanmu sai Ambokile ya ce a buɗe masa ƙofa zai sauka.

Tumpale ta ce, "Ina kuma za ka, Baba? Saura kaɗan."

"Duk shekarun nan a ciki nake zaune. Wanda ke ciki ba ya ganin ƙofa. Zan haye da ƙafa in tsaya can in ga shigowarta, sai ki ɗauke ni a gaba."

Muka sauka ni da shi. Ya ƙi in riƙe shi, kamar kullum, ya bi bayan masu turin kura da mata masu kwanduna a ka, yana tafiya a miƙe cikin kwat ɗinsa. Aka buga masa hatimi a fasfo, muka fita ta ɓangaren Nakonde, muka sami inuwar wani shagon masu canji muka tsaya, ta gefen da ƙofar direba za ta biyo.

Motoci suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kowacce ta yi nishi ta wuce. Ja, fara, tankar mai, wata mai ɗauke da ƙarafa. Yana tsaye ya ƙura ido. Can sai ga wata mai shuɗin kai da farin bodi ta sako hanci. Na ga ya miƙe ƙirji, ya cire hula ya riƙe ta a kan cikinsa.

"Ga ta nan. Shemeji, karanta min."

Ba ita ba ce. Ta wani mutumin Iringa ce, ƙaramin rubutu, aikin wani mai fenti marar hannu, wani ƙato mai gemu a sitiyari. Na dubi fuskar shemeji. Hawaye ya riga ya gangaro masa har cikin gashin baki, yana murmushi irin wanda ban gani ba tun ranar aurensa da yayata.

Na ce, "Ambokile Mwakatobe. Mbalizi, Mbeya."

"Ya fito sosai?"

"Har daga tsallaken titi ana karantawa."

Ya ɗaga hula sama, ya bi motar da fuska har ƙararta ta ɓace a cikin kasuwa. Ya sauke numfashi ya ce to, madalla, mu je, kada yarinyar nan ta gaji da jira. Ya juya ke nan sai aka danna oda a bayanmu, dogo ɗaya da gajeru biyu, yadda ya koya wa Tumpale tun tana ƙarama. Ƙarar injin da ya kwance ya ɗaura da hannunsa ta cika wurin. Motar ta zo ta gabanmu, sunan ya cika ƙofa, yana ƙyalli a rana, mutanen da ke bakin shago har suna karantawa a fili. Tumpale ta leƙo tana ɗaga hannu, ta wuce ta sami wuri a gaba ta tsaya.

Bai juyo ba. Ya tsaya da bayansa ga titi, hula a hannu, har inji ya yi shiru. Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya mayar da hular kansa a hankali.

"Je ka ce mata kada ta jira ni."

"Shemeji, Ndola fa. Ga kujerarka can."

"Ka ce ta kula da gangaren bayan Isoka, birkin yana son a lallaɓa shi. Kuma kada ta ba kowa makulli."

Na je na faɗa mata. Ta daɗe tana kallonsa ta madubi, ta goge fuska da bayan hannu, ta tayar da mota. Na tsaya har ta shige cikin sauran motoci.

Da na dawo yana nan inda na bar shi, a tsakiyar masu wucewa, ya miƙa hannu ɗaya cikin iska yana jira, ta gefen da ba na nan. Na zagaya na sa masa damtsena a wurin. Ya kama da ƙarfi, muka juya muka bi layin masu komawa Tunduma da ƙafa.